Daga Fagen Kaka Zuwa Takobin Ƙasa: Tarihin Cin Abinci da Ƙarfin Damtse a Iyakar Illela da Ƙonni

Mai karatu, bari mu fara da wani saurayi. Ba sai mun raɗa masa suna ba, domin irinsa suna da yawa a Lafani da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato. Ya tashi da hauya a hannu, ya ƙoshi da fura da tuwon gero, kuma tun yana ɗan ƙarami babu sa'ansa da ya taɓa kai shi ƙasa. An gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, abokansa duk sun fara haɗa kayan cin rani, wasu Legas za su dako, wasu Abuja aikin gini. Shi kuwa zuciyarsa tana fage. Ran nan bayan sallar isha'i ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, ni dai bana ba na son zuwa cin rani, kokawa nake son in bi."

Tsohon ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Yaro, kokawa ai wasa ce. Wa ka taɓa gani ya riƙe gida da wasa?"

Wannan tambaya ta dattijo ita ce maƙasudin wannan rubutu. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin tarihi. In muka bi sawun kokawa da dambe a wannan yanki tun daga zamanin kakanni, za mu tarar cewa ƙarfin damtse shi kaɗai bai taɓa zama sana'a ba. Abin da ke mayar da shi sana'a shi ne tsarin da jama'a suka gina a kewayensa: lokacin da aka tsayar, ladan da aka yanka, sunan da aka rubuta, da kuma tanadin da aka yi wa ɗan wasa don ranar da ƙarfi zai gudu. Iyakar Illela da Birnin Ƙonni kuwa wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, domin jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, wasa ɗaya, amma gwamnatoci biyu suka bi da wasan ta hanyoyi biyu.

Wasan Kaka

A ƙasar Hausa ta dauri, kokawa (ko kokowa, kamar yadda Sakkwatawa da mutanen Nijar ke faɗi) 'yar kalandar manomi ce. Damina a wannan yanki gajera ce, wata uku ne zuwa huɗu, kuma muddin tana tsaye babu mai lokacin wasa. Sai gero ya shiga rumbu, ciki ya cika, dare ya yi farin wata, sannan ake share fage. Sarkin samarin wani gari ya aika wa na maƙwabta da goron gayyata, su kuma su zo da zaratansu da makaɗansu. Bikin kalankuwa, bikin aure da naɗin sarauta duk lokuta ne na kokawa.

To me ɗan kokawa ke samu? Goro, riga, damin gero, wani lokaci akuya ko rago in mai gari ya ji daɗi. Babban ladansa dai shi ne suna: a yi masa kirari, 'yan mata su sa shi a waƙar dandali, in ya je neman aure a karɓe shi da mutunci. Da ruwa ya sauka kuwa sai ya rataye layunsa ya koma gona, domin noma ne sana'arsa.

Dambe ya ɗan bambanta, saboda tun asali an san shi da mahauta. Bayan kaka ayarin rundawa kan bi ƙauyuka inda ake buki, su yanka dabba, su kafa tukuba, samarinsu kuma su ɗaure hannu su shiga fage. Damben ya tara jama'a, jama'a su sayi nama. Ke nan dambe kamar talla ne ga fawa, fawar ce ke ciyar da gida.

Akwai mutum ɗaya a fagen nan da ya riga kowa cin abinci da wasan, wato makaɗi. Shi sana'arsa gado ce, ya san rabonsa a kowane buki, kuma in zakaran bana ya tsufa, zai koma kan na baɗi. Ɗan wasa yana da shekaru goma ko sha biyar na tashe, mai kalangu kuwa yana kiɗa har furfura. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Wuri 2,000 a Kano

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka bayyana dambe ya fito ne daga alƙalamin Hugh Clapperton, Baturen nan matafiyi da mutanenmu suka sani da suna Abdullahi. Ya sauka Kano a farkon 1824, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwaton ya rasu a 1827 a zuwansa na biyu. A labarin tafiyarsa ya ce ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, don haka ya aiki baransa da tayin wuri 2,000 domin a zo a yi wasa a ƙofar masaukinsa. 'Yan dambe suka zo da makaɗa, mahautan gari suka rufa musu baya, jama'a suka taru maƙil. Ya kuma ce ya gindaya sharaɗin kada a yi da gaske, saboda an gaya masa wasan yakan kai ga rasa rai.

Abubuwa biyu ne za mu tsinta a wannan labari. Na farko, shekaru 200 da suka wuce an riga an san ana biyan 'yan dambe lada a babban birni, har baƙo ya san farashin da zai taya. Na biyu, ko sunan ɗan dambe ɗaya bai zo a labarin ba. Mun san wanda ya biya, mun san nawa ya biya, amma waɗanda suka sha naushin sun tafi ba suna. Haka tarihin wasanninmu ya daɗe yana tafiya.

Da Iyaka ta Ratsa Fage

Kafin zuwan Turawa, babu wani shinge tsakanin ƙasar Ƙonni da garuruwan da ke kudu da ita. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba, sannan a Maris na 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Faransawa suka koka cewa da'irar ta tura su cikin hamada, babu hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, saboda haka aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomi. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna hannun Ingila, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Layin bai hana zumunci ba. Kasuwar Illela ta ranar Lahadi da ta Ƙonni ta ranar Laraba suka ci gaba da cin juna, ana auratayya, 'yan kokawa kuma suna ƙetarawa duk inda suka ji ganga. Amma daga wannan lokaci makomar wasan ta rataya ga hukumomi biyu.

A ɓangaren Ingilishi, makarantun boko sun zo da nasu wasanni. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ɗalibai sun koyi kurket da wasan nan na dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Manufar waɗannan wasanni ita ce lafiyar jiki da ladabi ga waɗanda za su zama malamai da ma'aikatan En'e. Kokawa da dambe kuwa aka bar su a bakin kasuwa, wasan talakawa da mahauta. Inda suka sami ɗan gurbi shi ne bukukuwa irin na kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934. Wannan rabuwa ta bar tabo: ɗan boko ya tashi yana ganin wasan gargajiya ƙauyanci ne, alhali shi ne daga baya zai zauna a ofis yana tsara kasafin wasanni.

Takobi

Babban sauyi ya zo ne daga arewacin iyaka. A watan Afrilu na 1974 soja suka karɓi mulki a Jamhuriyar Nijar ƙarƙashin Seyni Kunce, ƙasar tana fitowa daga matsanancin fari. Sabuwar gwamnati tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa ɗaya. Ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, sannan ta ɗauki kokawa ta mai da ita wasan ƙasa. A 1975 aka yi gasar farko ta ƙasa baki ɗaya a Tawa, wato babban birnin jihar da Ƙonni ke cikinta, kuma Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ya zama sarki na farko.

Yana da kyau mu duba yadda aka gina gasar, domin a nan darasin yake. Ana fara tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan hukumomi, har kowace jiha ta fitar da gwanayenta 10. Jihohi takwas ke nan da 'yan kokawa 80. Gasar tana zagayawa, bana wannan jiha, baɗi waccan, kuma ana kwashe kimanin kwana goma ana fafatawa. Wanda aka kayar ya fita daga neman sarauta, a ci gaba da tace waɗanda ba su faɗi ba har a rage biyu. Akwai alƙalai masu usur, akwai lokacin da aka ƙayyade, akwai rubutacciyar doka kan abin da ake kira kaye. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi doki da kayansa, a miƙa masa takobi, ga kuma kuɗi, wanda a shekarun 2010 ya kai sefa miliyan 10, ban da kyaututtukan 'yan kasuwa da manyan jiharsa. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa wasan kai tsaye, ta yadda mai sauraro a Illela ko Gwadabawa yana jin faɗuwar gwaninsa a daidai lokacin da mutumin Yamai ya ji.

Da wannan tsari sunaye suka fara zama. Bayan Kantu aka san Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, daga baya kuma irin su Balla Haruna. Makaɗa irin su Sagalo suka ɗaukaka su da waƙa, hukuma kuma ta gina filayen kokawa na dindindin ta sa musu sunayensu: na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma, na Damagaram da sunan Langa-Langa. A ƙarshen 2023, a gasa ta 44 da aka yi a Agadas, Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na shida. Lissafin kansa abin lura ne: ana iya cewa "karo na 44" da "sau shida" ne domin akwai wanda ya zauna ya rubuta.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane ɗan kokawar Nijar ya yi arziki. Takobi ɗaya ne a shekara, kuma akasarin sauran 79 ɗin gona suke komawa da ɗan abin da suka samu na kaye da alawus. Amma saurayin ƙasar Ƙonni yana iya nuna wa mahaifinsa tsani, ya ce ga matakin farko, ga na biyu, ga inda ake zuwa, ga kuma waɗanda suka hau. Ɗan'uwansa na Lafani, wanda ƙila kakansu ɗaya, ba shi da irin wannan tsani da zai nuna.

A can yamma ma, ƙasar Senegal ta nuna wata hanyar. A tsakiyar shekarun 1990 wani ɗan kokawa mai suna Muhammad Ndaw, da ake wa laƙabi da Tyson, ya jagoranci sabon zubi na matasa da suka ɗauki wasan a matsayin kasuwanci. Dillalan wasa da kamfanonin waya suka shigo, har ladan babban karo ya wuce sefa miliyan 100, kuma a 2018 aka buɗe katafaren filin kokawa na ƙasa a Pikine, kusa da Dakar. A Nijar gwamnati ce ta yi tsarin, a Senegal 'yan kasuwa ne suka ja gaba, amma duka biyun an yi shi da takarda da alƙalami.

Gidan Dambe

A Nijeriya kuwa, kasuwa ce ta yi wa wasan gargajiya reno, kuma dambe ne ya fi cin moriya. Yayin da birane suka cika da 'yan cin rani, sai aka fara kewaye fili da zana ko kwano, a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Wannan ƙofa ita ce ta raba dambe da kalandar manomi, domin gidan dambe ba ya jiran kaka. Aka sami rukunoni uku da kowane ɗan dambe ke shiga ɗaya daga ciki, wato Kudu da Arewa da Guramaɗa, ta yadda kullum akwai abokin karawa kuma 'yan kallo suna da ɓangaren da za su goya wa baya. Dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano da gidan damben Dei-Dei a Abuja suna cikin waɗanda suka yi fice, har aka kai ga sa babur ko mota a gasa.

A wannan fage ma makaɗi ne ya riƙe tarihi. Duk wanda ya san Shago da karonsa da Ɗandunawa, ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya san su, mawaƙin nan na ƙasar Sakkwato wanda rediyo da kaset suka kai muryarsa ko'ina. Sunan Shago ya yi ƙarfin da har ya zama laƙabi: yau za ka ji ana kiran matashi Shagon wane, kamar yadda ake cewa Bahagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane. Wannan salon suna yana bayyana yadda ake shiga sana'ar. Yaro yakan raɓi wani babba, ya riƙe masa jaka, ya taya shi ɗaurin zare, ya fara da damben share fage kafin manya su fito, har ran da ubangidan zai yarda a jingina sunan yaron da nasa. Wato dai koyon sana'a ne irin na maƙera da masaƙa.

Abincin ɗan dambe yana fitowa ne daga sallamar mai gida, da karin da 'yan kallo ke yi masa in ya yi kisa, da kuma alherin ubangida, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa. In babbar buƙata ta taso, kamar aure ko jinya, sai a shirya masa ajo, abokan sana'a su zo daga garuruwa su yi wasa, abin da aka tara ya zama nasa. Ajo dabara ce mai kyau ta taimakon juna, sai dai ta dogara ne ga farin jinin mutum. Wanda tauraronsa ya dushe, ajonsa ba ya cika.

Hukuma ba ta yi shiru ɗungum ba. An fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, daga baya kuma aka shigar da kokawa da dambe da langa cikinsa. Amma wasa ne cikin wasanni barkatai, kuma lambar da aka ci a can ba ta da amo a ƙauye irin na takobi. A 'yan shekarun nan wayar hannu ta buɗe wata ƙofa: hotunan dambe suna samun miliyoyin masu kallo a YouTube, kuma a 2023 aka ƙaddamar da gasar Dambe Warriors League, wadda ta zo da rabon 'yan wasa bisa nauyi da kuma likita a bakin fage. Ko wannan zai ɗore har ya zama tsani, lokaci ne zai nuna.

Sauran Ƙofofi

Saurayinmu na Lafani yana da wasu ƙofofin, in ya sami mai nuna masa. Ɗan Sakkwato Shehu Abdullahi, wanda aka haifa a 1993, ya bi ta ƙwallon ƙafa: ya buga wa Kano Pillars, ya wuce Kuwait da Turai, ya ci lambar tagulla da tawagar Nijeriya a wasannin Olamfik na 2016 a Brazil, kuma yana cikin waɗanda aka kai gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Abin lura shi ne sai da ya bar gida kafin a gan shi, domin masu farautar 'yan wasa suna zuwa ne inda ake gasa mai tsari. A Nijar ma, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu ta zo ne ta hannun ɗan damben zamani Isaka Dabore a 1972, ta biyu kuma ta hannun Abdul Razak Alfaga a wasan taikwando a 2016. Shekara 44 tsakanin lamba da lamba ya isa ya nuna ƙuncin wannan ƙofa.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce wadda ba a cika yi wa kirari ba. A bayan kowane ɗan wasa akwai mai horarwa, da alƙali, da mai ɗori, da mai sharhi a rediyo, da mai ɗaukar hoto, da mai kula da fili. Akwai malamin wasanni da kiwon lafiya a makarantun firamare da sakandare, wanda kwalejojin ilimi da jami'o'i ke yayewa. Tun 1974 aka kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas domin horar da masu horarwa da jami'an wasanni. A manyan birane kuma gidajen motsa jiki suna ƙaruwa, saboda likitoci suna tura masu hawan jini da ciwon sukari su je su motsa. Waɗannan su ne magadan makaɗin da muka ambata a baya: suna cin abinci a fage, amma abincinsu bai rataya ga ƙarfin gwiwarsu ba. Sai dai kusan dukkansu suna buƙatar karatu, kuma nan ne yaron ƙauye da aka cire daga aji don kiwo ko tallan kan iyaka yake tarar da ƙofa a rufe.

Ranar da Ƙarfi Ya Ƙare

Dattijon Lafani bai karanta Clapperton ba, amma ya ga abin da ya gani. Ya ga gwanayen da aka yi wa kiɗa jiya, yau suna gadi ko suna jiran sadaka a bakin fagen da suka taɓa cikawa. Ɗan dambe yana tara naushi a ka shekara da shekaru, ɗan kokawa yana tara targaɗe a gwiwa da ƙugu, kuma kuɗin da aka samu cikin sowa, cikin sowa yake tafiya, domin makaɗa da 'yan rakiya da masu ba da sa'a duk suna da rabo. Ga kuma malamai da suka daɗe suna jan kunne game da dukan fuska da dogaro da layu. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, to tsohon ɗan wasa wa ke da shi?

Ita ma iyakar tana da nata haɗari ga mai neman abinci a tsallakenta. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe ta a Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka buɗe ƙofar Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka kuma rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda ta daɗe tana shirya gasar kokawa tsakanin ƙasashenta. Ƙari a kan haka, matsalar 'yan bindiga a gabashin Sakkwato ta sa taron dare ya zama abin tsoro a ƙauyuka da dama. Duk ranar da aka rufe hanya ko aka hana taro, ɗan wasa ya rasa kasuwarsa.

Ina Namu Aikin?

'Yan'uwa marubuta, waiwaye adon tafiya ne, amma ba don ado kaɗai muka waiwaya ba. Gina fili da yanka lada aikin hukuma ne da masu hali. Amma ɗaya daga cikin ginshiƙan da suka mayar da kokawa sana'a a Nijar, wato rubuta suna da ajiye lissafi, aikinmu ne, kuma mun yi sakaci da shi. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, wasunmu sun rubuta tarihin sarakuna da na malamai, amma nawa ne a cikinmu suka zauna da tsohon ɗan kokawa suka ɗauki labarinsa? Abin da muka sani game da Shago, waƙa ce ta riƙe mana shi, kuma waƙa yabo take yi. Ba za ta gaya maka nawa aka sallame shi ba, ko gonar da ya saya, ko yadda ya ƙare. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da saurayi ke buƙatar sani kafin ya zaɓi hanya.

Aikin ba ya son jari mai yawa. Marubucin da ke Illela ko Gwadabawa ko Gada zai iya ɗaukar littafi da biro ranar kasuwa, ya tambayi inda tsofaffin 'yan wasa da makaɗansu suke zama. Ya tambaye su a wace shekara suka fara, wa ya koya musu, garuruwa nawa suka taka a tsallaken iyaka, me suka samu, me ya rage a hannunsu. Ya rubuta kirarinsu da bakinsu, da izininsu, ya kuma rubuta ciwon da ke hana su barci. Mai ƙagaggen labari ma yana da abin ɗauka a nan, domin rayuwar da ta tashi daga turmin farko zuwa ajon ƙarshe ta ishi littafi guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.

Da za a ba ni dama in sa baki a zancen zauren nan na Lafani, da na ce wa dattijo, "Baba, gaskiyarka, amma ba duka ba. An yi waɗanda suka riƙe gida da wasa, ga sunayensu, ga shekarunsu, kuma tsallaken iyakar nan kaɗan aka yi su." Sannan in juya ga saurayin in ce, "Ƙanena, shiga fage, amma kada ka saki gona, kuma ka koma makaranta ko ta yamma ce, domin alƙalin wasa da mai horarwa suna daɗewa a fage fiye da zakara." In kuma ya tambaye ni inda zai karanta labarin waɗanda suka riga shi a nan gida, to a nan ne kunya za ta kama ni, domin har yanzu ba mu rubuta ba.

Allah Ya ba mu ikon cike wannan giɓi, amin.